Masallacin Yama da Sunan Magini: Sharhi kan Yadda Ake Karanta Ginin Laka

1. Gabatarwa

Cikin shekara guda da ƴan makonni, manyan masallatai biyu na ƙasar Hausa suka faɗi. Ran 11 ga watan Agusta na 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. A farkon watan Satumba na 2024 kuma, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Hukuncin da mutane da dama suka yanke bayan waɗannan abubuwa biyu gajere ne: laka ta yi zamaninta, a rushe abin da ya saura a zuba siminti.

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa wannan hukunci, tare da yabon da wasu masana ke yi wa ginin laka, suna da tushe guda, wato ɗaukar masallacin laka a matsayin abin da aka gama shi rana ɗaya kuma ba shi da mai shi. Mu a ganinmu masallacin laka aiki ne na wani magini sananne, kuma aiki ne da ba ya ƙarewa: ransa yana hannun magina da jama'ar da ke yi masa yaɓe. Domin kafa wannan hujja za mu ɗauki Masallacin Juma'a na Yama, cikin ƙasar Adar, jahar Tawa, mu bi tarihin gininsa da fasalinsa, sa'an nan mu auna shi da na Zariya da na Dandaji, da kuma wani misali daga ƙasar Tailan.

2. Karatu biyu da muka gada

Karatu na farko shi ne wanda ke cikin kalmar da Faransanci ke cewa « architecture vernaculaire ». Kalmar ta sami kasuwa bayan baje kolin da Bernard Rudofsky ya shirya a birnin New York a 1964, wanda sunansa ke nufin gini ba tare da masu tsara gini ba. Niyyarsa yabo ce, amma yabon yana da ƙaiƙayi: ya mai da magini tamkar gara ko zanzaro, masu gini da ɗabi'a ba da tunani ba. Idan aka ce gini na « al'umma » ne ko na « gargajiya », an rufe ƙofar tambayar wa ya zaɓi wannan fasali, a wace shekara, kuma me ya ƙi ɗauka daga magabatansa.

Abin lura shi ne, a wurin da tsofaffin marubuta suka yarda su ba da suna, sunan baƙo suka bayar. An daɗe ana maimaita cewa Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙin Andalus da ya biyo Mansa Musa daga hajjin 1324, shi ne ya kawo fasahar ginin masallatai a Sudan ta Yamma. Suzan Aradeon ta warware wannan zance a wata maƙala ta 1989, inda ta nuna cewa hujjojin rubuce ba su ɗauke shi ba, kuma dabarun ginin na gida ne. Duk da haka zancen bai mutu ba cikin littattafan makaranta.

Karatu na biyu shi ne na kayan tarihi, « patrimoine ». Wannan ya fi na farko amfani, domin shi ya sa aka auna gine-gine aka zana su. Zbigniew Dmochowski ya yi shekaru yana auna gine-ginen Nijeriya, aka buga aikin nasa a 1990 bayan rasuwarsa; J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausawa a 1985. Labelle Prussin ta fitar da Hatumere a 1986. Ba mai nazarin da zai iya tsallake waɗannan ayyuka, kuma ba su ɓoye sunan Babban Gwani na Zariya ba. Sai dai zanen awo da hoto suna kama gini a rana guda, su tsai da shi. Mai karatu sai ya ɗauka cewa wannan siffa ta ranar ita ce « asali », duk abin da ya biyo baya kuma ɓarna ne. Ga ginin dutse wannan tunani yana iya tafiya. Ga ginin laka kuwa, wanda damina ke lasar fatarsa kowace shekara, hana shi canzawa daidai yake da yanke masa hukuncin kisa.

3. Tarihin ginin Yama

A 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka ɗora aikin kan wani magini ɗan garin, Alhaji Falke Barmu (Falké Barmou a rubutun Faransanci), wanda manomi ne kuma. Abin da ya fara ginawa ba shi da wani ado: ɗaki mai kusurwa huɗu, ginshiƙai jere bisa sahu, rufin itace da ƙasa, da mihrabi da ya ɓullo waje ta bangon alƙibla. Jama'a suka ba da ƙarfinsu gwargwadon hali: wasu na buga tubali, wasu na dako, mata na kawo ruwa, wasu na neman itace.

A 1975 rufin ya bukaci gyara. A nan ne tarihin ginin ya ɗauki wata hanya, domin Falke bai mai da rufin yadda yake ba. Ya sake shi bisa bakuna, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 kuma ya ta da hasumiyoyi huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, tare da ɗakunan shiga da ke haɗa su. A 1986 masallacin ya sami kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda aka yi bikinta a Marrakesh, shekaru uku bayan da masallacin Niono na ƙasar Mali, aikin magini Lassina Minta, ya sami irinta.

Idan muka dubi waɗannan shekaru, 1962 da 1975 da 1982, tambaya za ta taso: wanne ne masallacin Yama na asali? Da wani jami'in kiyaye kayan tarihi ya isa garin a 1970 ya ce kada a taɓa kome, da ba tulluwa, ba hasumiya, ba kyauta. Kowane abin da aka yaba a 1986 daga gyara ya fito. Ke nan a ginin laka gyara shi ne lokacin ƙirƙira, kuma lalacewar da damina ke kawowa ita ce ke buɗe wa magini ƙofar sake tunani.

4. Abin da ido ke gani

Wanda ya tsaya gaban masallacin zai fara lura da cewa hasumiyoyin huɗu ba biyu da suka yi kama da juna. Kowace tana da faɗin gindi, tana tsukewa yayin da take hawa, da ɗamaru da ke raba ta hawa-hawa. Amma yawan tagogi, da siffar kai, da yadda zankwaye suka zauna, duk sun bambanta. Ƙasan ginin shiru ne, bango miƙaƙƙe ba zane. Sai ido ya yi sama sa'an nan wasa ke farawa. Wannan tsari ne na mai tunani: inda ruwa ke fantsama, dabbobi ke goga, yara ke taɓawa, an bar shi a sauƙaƙe domin yaɓensa ya zo da sauƙi, inda hannu ba ya kaiwa, can aka kai gwaninta.

Wanda ya saba da ƙa'idar daidaito, inda dama ke amsa hagu, zai iya ganin rashin kamannin hasumiyoyin a matsayin kasawa. Mu ba mu gan shi haka ba. Maginin da ya iya ta da hasumiya ɗaya ta tsaya, ba abin da zai hana shi maimaita ta sau huɗu, kuma maimaicin ya fi sauƙi. Ƙin maimaicin zaɓi ne, kuma shi ne sa hannun Falke. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, da Gobarau ta Katsina, kowace ita kaɗai ce a garinta, tana nuna inda iko da ilimi suka zauna. A Yama, ƙauyen manoma da ba fadar sarki, an ƙi fifita hasumiya guda.

A ciki kuwa, abin da ya cancanci nazari shi ne bakan. A nan muna so mu jawo hankalin abokan aikinmu masu fassara. Ana fassara bakan gizo da « arc », daurin guga kuma da « voûte », amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Bakan dutse na Rumawa yana tsayawa ne domin kowane dutse na danne ɗan'uwansa. Bakan gizo kuwa itace ne cikin laka: a Kano da Zariya ana jera azara, wato tsagin giginya da gara ba ta cika ci ba, kowane jeri ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, har ɓangarori biyu su haɗu a sama. Itacen ke ɗaukar ja, lakar ke ɗaukar danni, kusan yadda ƙarfe da siminti ke raba aiki a kankare. A Yama an yi amfani da sanduna da aka ɗaure dami-dami aka tanƙwara su, aka dasa gindinsu cikin ginshiƙai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu iya magana, kuma magini ya fi kowa sanin gaskiyar wannan. Fassarar da ta ce « arc » kawai ta ɓoye itacen, kuma wanda bai san da itacen ba ba zai san cewa haɗarin ginin yana ɓoye a ciki ba: indararo ɗaya da ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya jiƙa itacen a hankali, bango kuwa daga waje lafiya lau.

5. Idan sarƙar magina ta tsinke

Masallacin Juma'a na Zariya ya girmi na Yama da fiye da ƙarni guda. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen ƙarshen shekarun 1830, kuma magininsa, Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, har yau akwai unguwa mai sunansa a birnin. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen gini marar mai shi: Hausawa sun san maginansu, sun ba su sarauta, akwai Sarkin Magina a fada. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya saura na tsohon ginin da sabon gini na siminti, aka kuma yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. An yi haka da niyyar kiyayewa. Amma sakamakon shi ne tsohon ginin ya fita daga hannun masu yaɓe ya shiga hannun masu kwangila, kuma ilimin karanta tsagar bango ya rage masu shi. Bayan abin da ya faru a 2023, Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin ruftawar, ana shirin kiran injiniyoyi. Ba mu da hurumin yanke hukunci kan musabbabin ruftawar. Abin da muke nunawa kawai shi ne cewa ginin laka yana magana kafin ya faɗi, kuma yana bukatar wanda ke jin yarensa a kusa da shi kowace rana.

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa ko ta Musulmi kaɗai ba ce. A birnin Ciyan Mai (Chiang Mai) na arewacin Tailan, wanda Sarki Mangrai ya kafa a 1296, akwai wurin ibadar mabiya Buda da ake kira Wat Chedi Luang. An kammala babbar hasumiyarsa ta jan bulo a tsakiyar ƙarni na 15, girgizar ƙasa ta 1545 ta kayar da samanta, ta zauna haka ƙarni huɗu da ɗoriya. A farkon shekarun 1990 aka gyara ta da tallafin UNESCO da gwamnatin Japan. Masu gyaran suka bar kan a guntule, domin ba wanda ya san ainihin siffarsa ta da. Abubuwan da suka ƙara a ƙasa kuwa suka sha suka, inda masu sukar ke cewa salonsu na tsakiyar Tailan ne, ba na daular Lanna mai ginin ba. Darasin da ke ciki a fili yake: kuɗi da ƙwararru suna iya ta da bango, amma idan sarƙar masu sana'ar ta tsinke, mai gyara ko dai ya yi hasashe ko ya ari salon wani wuri.

Masu kiyaye kayan tarihi su ma sun fara gane haka. Yarjejeniyar Venis ta 1964 ta ba da ƙarfi ga kayan ginin na asali. Takardar Nara ta 1994 kuwa ta yarda cewa sahihancin gini yana iya kasancewa cikin dabarar yinsa da aikin da yake yi wa mutane, gwargwadon al'adar wurin. Yaɓen shekara-shekara da mutanen Jenne ke yi wa babban masallacinsu shi ne misalin da kowa ya sani. Abin da Nara ta rubuta, Yama ta riga ta aikata shi tun 1975.

6. Dandaji: gado da tambaya

Ba nisa da Yama akwai garin Dandaji, inda tsohon masallacin Juma'a shi ma aikin Falke Barmu ne. Da ya yi wa jama'a kaɗan kuma ya fara lalacewa, sai Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara abin da ake kira Hikma, wanda aka kammala a 2018: aka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, aka kuma gayyato maginan da suka yi aikin farko su shiga gyaran.

Wannan aiki ya cancanci yabo ta fuska biyu. Ya hana rushe ginin Falke, kuma ya nuna wa masu ba da kuɗin masallatai cewa ƙasa tana iya ba da gini babba, mai sanyi, mai kwarjini, ba sai siminti da kwano ba. Amma sharhi ba ya tsayawa kan yabo. Tambaya ta farko: abin da ke fito da jama'a gayyar yaɓen masallaci shi ne neman lada a ɗakin Allah, idan ginin ya koma ɗakin karatu, wa zai fito, kuma da wane dalili? Ta biyu: bulon inji yana rage bukatar yaɓe, wannan kuwa sauƙi ne na gaske, amma yana kuma ɗauke tsara gini daga hannun magini ya mai da shi kan takardar mai digiri, magini ya koma mai aiwatarwa. A Yama mai tunani da mai hannu mutum guda ne. Ba muna cewa a koma baya ba ne. Muna cewa ne a san abin da aka biya.

7. Hujjar mutanen bakin kogi

Akwai wata suka da ba za mu tsallake ba, domin daga unguwannin da ke kewaye da jami'armu take fitowa. A daminar 2020 kogin Kwara ya kai matakin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai kafin lokacin, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy, gidajen laka da yawa suka narke. Wanda ya ga haka, idan aka yi masa zancen kyan laka, yana da haƙƙin ya ce wannan magana ce ta masu kwana cikin siminti. Kuma yana da gaskiya: laka tana jure ruwan da ya sauko daga sama ya wuce, muddin akwai makuba ko laso a fatarta da indararo mai aiki, amma ba ta jure ruwan da ya kwanta a gindinta. A fadamar Kirkisoy, kusa da gonakin shinkafa, masallacin unguwa na bulon siminti ba cin amanar al'ada ba ne, hankali ne.

Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin fadama a kai shi kan tudun Adar ko Birnin Damagaram. Zaɓen wuri, da ɗaga gindin gini, da sanin inda ruwa ke bi, su ne darasin farko na tsohon magini. Unguwannin da suka bazu cikin kwari saboda ƙarancin fili an gina su ne ba da shawararsa ba. Ke nan abin da 2020 ta nuna ba gazawar laka ba ce kaɗai. Ta nuna abin da ke faruwa idan aka riƙe kayan aikin aka yar da ilimin.

8. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa masallacin Yama ba ya karantuwa da ma'aunin « gargajiya marar mai ita », domin kowane sashe nasa yana da shekara da sunan wanda ya zaɓe shi. Ba ya kuma karantuwa da ma'aunin kayan tarihi da ake daskarewa, domin gyara ne ya haife shi. Daga nan abubuwa biyu suka biyo baya da suka shafi sashenmu kai tsaye.

Na farko, kalmomi. Hamman Tukur Saad, a kundin digirinsa na 1981, ya saurari magina ya ɗauki ra'ayinsu kan kyan gini da muhimmanci, amma yawancin abin da aka tattara ya fito ne daga biranen Nijeriya, kuma da Ingilishi aka rubuta shi. Kalmomin maginan Adar da Gobir da Damagaram, da bambancinsu da na Kano, aiki ne da ɗalibanmu za su iya yi da rakoda da littafin rubutu, kuma lokacinsa yana ƙurewa, domin kalmar sana'a tana mutuwa tare da mai ita. Na biyu, sunaye. Duk wanda zai rubuta kan wani masallaci ko soro, ya fara da tambayar da ake yi wa kowace waƙa: ta wa ce, wa ya koya masa, wa ya gaje shi? Idan muna iya jera salsalar makaɗan fada, ba mu da uzurin kasa jera ta magina.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ta fi haɗari ga masallatan laka da suka saura ba a bango take ba. Tana tsakanin tsohon magini da yaron da bai ga dalilin koyon sana'arsa ba.

Kirkisoy, Yamai